Darasi Na Goma Sha Biyu: Aigues-Mortes, Birnin Gishiri A Kudancin Faransa

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. bayyana wurin da gari yake ta hanyar amfani da arewa, kudu, gabas da yamma;
2. karanta shekaru da alƙaluma da Hausa;
3. bambance shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu a cikin labari;
4. rubuta bayanin garinku ta fuskar yanayin ƙasa, tarihi da jama'a.

Gabatarwa

Ɗalibai, duk wanda zai ba da bayanin wani gari yana bukatar ya amsa tambayoyi uku. A ina garin yake? Me ya faru a cikinsa a zamanin da? Su wa suke zaune a cikinsa yanzu, kuma da me suke rayuwa? A wannan darasi za ku ga yadda ake amsa waɗannan tambayoyi da Hausa. Garin da muka zaɓa yana ƙasar Faransa. Ana rubuta sunansa Aigues-Mortes, amma ana furta shi Eg-Mort. Ku fara karanta bayanin a zuci, sannan ku sake karanta shi da ƙarfi. Ku ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ba ku sani ba.

Wurin Da Garin Yake

Faransa tana yammacin nahiyar Turai, kuma babban birninta shi ne Paris. An raba ƙasar zuwa yankuna, an raba yankuna zuwa gundumomi, sannan an raba gundumomi zuwa ƙananan hukumomi kimanin 35,000. Kowace ƙaramar hukuma tana da magajin gari da majalisa. Aigues-Mortes ɗaya ce daga cikinsu. Tana cikin gundumar Gard, a yankin Occitanie, can ƙarshen kudancin ƙasar.

Daga Paris zuwa garin, tafiyar fiye da kilomita 700 ce a mota. Birnin Montpellier yana yamma da shi da kimanin kilomita 30. Birnin Nîmes, wanda shi ne hedikwatar gundumar, yana arewa maso gabas da shi da kimanin kilomita 40. Tekun Bahar Rum yana kudu da garin, nisan da bai wuce kilomita 6 ba. Gabas da shi kuwa akwai kogin Rhône, wanda yake rabuwa biyu kafin ya faɗa teku. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke wannan wuri ita ake kira Camargue.

Yanayin Ƙasa

Babu tsauni ko tudu a Aigues-Mortes. Ƙasar a shimfiɗe take, kuma da kaɗan ta fi teku tsayi. Fadamu da tafkuna masu ruwan gishiri sun kewaye garin. Ruwan nan ba ya gudu kamar na kogi, a tsaye yake. Daga nan garin ya sami sunansa, domin asalin sunan daga harshen Latin ne, kuma ma'anarsa ita ce mataccen ruwa.

Daga watan Yuni zuwa Agusta akwai zafi, kuma ba a cika samun ruwan sama ba. An fi samun ruwa daga Satumba zuwa Nuwamba. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi, amma bai kai na arewacin Faransa ba. Akwai wata busasshiyar iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga arewa, ana kiranta Mistiral. Ku riƙe waɗannan abubuwa uku a zuciya: rana, iska da ruwan teku. Za ku ga amfaninsu idan mun zo maganar gishiri.

An san yankin Camargue da fararen dawakai da baƙaƙen bijimai, waɗanda ake kiwo a cikin fadamu. Akwai kuma tsuntsaye iri-iri. Wanda ya fi shahara shi ne filamingo, tsuntsu mai dogon wuya da dogayen ƙafafu, mai launin ruwan hoda. Sai dai inda ruwa ya kwanta, sauro ba ya rasa wurin zama. Zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana addabar mutanen wannan wuri a ƙarnukan da suka wuce.

Yadda Aka Kafa Garin

Wataƙila za ku yi tambaya: me ya sa aka gina gari a tsakiyar fadama? Amsar tana wurin Sarki Luwis na Tara, wanda ya mulki Faransa daga 1226 zuwa 1270. A zamaninsa, sarkin Faransa ba shi da tashar jiragen ruwa tasa a gaɓar Bahar Rum. Birnin Marseille yana cikin ƙasar Provence, wadda ba ta ƙarƙashin sarautar Faransa a lokacin. Montpellier kuwa tana hannun sarkin Aragon. Luwis yana son ya sami ƙofar fita zuwa teku ba tare da ya roƙi kowa ba.

Wannan fadama mallakar wani gidan masu zuhudu na Kirista ce, mai suna Psalmodi. Wajen shekarar 1240 sarki ya nemi wurin daga hannunsu, ya musanya musu da wasu filaye. Ya sa aka yi hanya a cikin fadama, aka fara ginin wata babbar hasumiya. Da yake mutane ba sa sha'awar zama a irin wannan wuri, a 1246 ya ba da takardar alfarma, wadda ta yafe wa mazauna garin wasu haraji. Sai masunta da 'yan kasuwa da masu sana'o'i suka fara taruwa.

Sau biyu Sarki Luwis ya tashi daga wannan tasha zuwa yaƙe-yaƙen da ake kira na Salibiyya, wato yaƙe-yaƙen da sarakunan Turai suka yi da daulolin Musulmi a wancan zamani. A watan Agusta na 1248 ya tashi da rundunarsa zuwa Masar. Ya ci garin Dimyaɗ a 1249, amma a 1250 aka ci rundunarsa da yaƙi, aka kama shi. Sai da aka biya fansa mai yawa sannan aka sake shi. A watan Yuli na 1270 ya sake tashi, wannan karo zuwa Tunis. A can ya kamu da ciwo, ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1270. Yau gunkinsa yana tsaye a dandalin da ke tsakiyar garin, an kafa shi a 1849.

Ganuwa Da Hasumiya

A Hausa, asalin ma'anar kalmar birni ita ce gari mai ganuwa, kamar Kano da Katsina da Zariya. Bisa wannan ma'ana, Aigues-Mortes birni ne duk da ƙanƙantarsa. Ganuwar biranen Hausa da ƙasa aka gina ta, ta Aigues-Mortes kuwa da dutse.

Luwis bai ga ganuwar ba. Ɗansa Filibus na Uku ne ya fara gininta a 1272, jikansa Filibus na Huɗu ya kammala ta wajen shekarar 1300. Babu dutse a fadama, saboda haka daga nesa aka riƙa ɗauko shi a jiragen ruwa. Tsawon ganuwar ya ɗara mita 1,600, tsayinta kimanin mita 11, kuma tana da ƙofofi goma. Garin yana da kusurwa huɗu, titunansa a miƙe suke, suna gittar juna. Wannan alama ce cewa an tsara shi tun kafin a gina shi. Har yau ganuwar tana tsaye a cike, kuma baƙo yana iya hawa ya kewaya garin a kanta.

A kusurwar arewa maso yamma hasumiyar Constance take, wadda aka gina tun Luwis yana raye. Zagayayya ce, faɗinta mita 22, tsayinta kimanin mita 30, kaurin bangonta mita 6. A samanta akwai wata ƙaramar hasumiya, inda a da ake kunna wuta da dare domin jiragen ruwa su ga hanya. Arewa da garin kuma akwai hasumiyar Carbonnière, wadda aka gina a kan hanya ɗaya tak da ta ratsa fadama a wancan zamani. A da, duk mai shiga garin ta ƙasa sai ya bi ta cikinta.

Yadda Tashar Ta Mutu

Mutane da yawa suna zaton teku ne ya janye ya bar garin. Ba haka ba ne. Tun asali garin ba a bakin teku yake ba. Jirage suna isa gare shi ne ta tafkuna da mashigan ruwa. Kogin Rhône yana kawo laka da yashi kowace shekara, igiyar teku kuma tana tura su gaɓa. A hankali mashigan suka riƙa cikewa. An yi ta yashe su, ana kashe kuɗi mai yawa, amma laka ba ta daina zuwa ba.

A 1481 ƙasar Provence ta shiga ƙarƙashin sarautar Faransa. Da haka sarki ya sami Marseille, tasha mai zurfi wadda ba ta bukatar yasa. Garin bai rasa martabarsa nan take ba, domin a 1538 Sarki Faransuwa na Ɗaya na Faransa da Sarki Charles na Biyar na Daular Rum Mai Tsarki sun gana a cikinsa. Amma manyan jirage sun riga sun juya akala. A 1666 aka kafa sabuwar tasha a Sète, yamma da garin, ita ma ta ɗauke sauran ciniki.

Hasumiya Ta Zama Kurkuku

Da jirage suka daina zuwa, aka sama wa hasumiyar Constance wani aiki. A Faransa akwai Kiristoci mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda su ne masu rinjaye, akwai kuma mabiya ɗarikar Furotesta. Bayan sun daɗe suna yaƙi da juna, a 1598 Sarki Henri na Huɗu ya kafa dokar da ta ba Furotesta izinin yin ibadarsu. A 1685 Sarki Luwis na Goma Sha Huɗu ya soke wannan doka. Duk wanda aka kama yana ibada irin tasu, ana hukunta shi. Ana tura maza su tuƙa jiragen yaƙin sarki, ana tsare mata a kurkuku. Hasumiyar Constance tana cikin wuraren da aka tsare su.

Wadda ta fi shahara a cikin matan ita ce Marie Durand. An kama ta a 1730 tana budurwar shekaru, domin yayanta mai wa'azi ne. Da ta yarda ta bar ɗarikarta, da an sake ta. Ta ƙi. Ta zauna shekara 38 a cikin hasumiyar, tana rubuta wasiƙu domin neman taimako ga 'yan'uwanta fursunoni. An sake ta a 1768, ta rasu a 1776. A jikin wani dutse da ke tsakiyar ɗakin da aka tsare su akwai kalma ɗaya da aka sassaƙa, ma'anarta ita ce a jure, kada a miƙa wuya. Ana danganta rubutun da ita, kuma baƙi suna zuwa ganinsa har yau.

Gishiri

Abin da ya riƙe garin bayan mutuwar tasha shi ne gishiri. An daɗe ana yin sa a wannan gaɓa tun kafin a kafa garin. Sarakunan Faransa sun ɗora wa gishiri haraji mai nauyi, wanda talakawa suka tsana ƙwarai, har aka soke shi a 1790, lokacin juyin juya halin Faransa.

Ga yadda ake yin gishirin. Wajen watan Maris ake jawo ruwan teku zuwa cikin faffaɗan filaye marasa zurfi. Ruwan yana tafiya a hankali daga wannan fili zuwa wancan har tsawon watanni. Rana tana dukansa, iska tana busar da shi. Ruwa yana raguwa, gishiri yana zama. A cikin lita ɗaya ta ruwan teku, gishirin bai kai giram 40 ba. Idan ya kai wajen giram 260, sai ya fara daskarewa a ƙasa. A ƙarshen Agusta da cikin Satumba ake kwashe shi, a tara shi tsibi-tsibi kamar fararen tsaunuka, waɗanda ake hangowa daga kan ganuwa.

Idan kuka ga hoton waɗannan filaye, za ku lura ruwansu launin hoda ne. Wata ƙanƙanuwar gansakuka ce mai son gishiri take rina shi. Wasu ƙananan halittu masu kama da jatan lande suna cin gansakukar, filamingo kuma yana cin su. Daga nan shi ma yake samun launinsa.

Abin Da Ya Faru A 1893

A da, da hannu ake kwasar gishiri. Aiki ne mai wuya, a cikin zafin rana, ga ƙarancin ruwan sha. Kamfanin gishiri yana ɗaukar leburori na ɗan lokaci, wasu Faransawa, wasu kuma 'yan cirani daga ƙasar Italiya. Ana biyan kowace ƙungiya gwargwadon abin da ta kwasa, saboda haka masu sauri suna jin haushin marasa sauri.

Ranar 16 ga Agusta, 1893, faɗa ya tashi tsakanin leburorin Faransa da na Italiya. Wasu suka ruga cikin gari suka baza labari cewa Italiyawa sun kashe Faransawa. Labarin ƙarya ne, amma mutane suka gaskata shi. Kashegari, 17 ga wata, gungun jama'a suka ɗauki sanduna da duwatsu da bindigogi, suka far wa Italiyawa. 'Yan sandan da ke ƙoƙarin raka su tashar jirgin ƙasa ba su da yawa, suka kasa kāre su. Hukuma ta ce mutum takwas aka kashe, aka raunata wasu da dama. Da labari ya isa Italiya, aka yi zanga-zanga a Rum da wasu birane. A watan Disamba na wannan shekara aka yi shari'a a garin Angoulême, amma kotu ta sallami duk waɗanda aka tuhuma.

Waɗanda suka yi kisan da waɗanda aka kashe duk talakawa ne masu neman abinci a fili ɗaya. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne jita-jitar da ba wanda ya tsaya ya bincika.

Jama'a Da Sana'o'insu A Yau

Faɗin ƙasar ƙaramar hukumar ya kai kimanin murabba'in kilomita 58, amma mafi yawansa fadamu ne da filayen gishiri da gonaki. Da can ya fi haka. A 1879 aka ware ƙauyen masunta da ke bakin teku, mai suna Le Grau-du-Roi, ya zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta.

A Faransa, ana ƙidaya dukan mazauna duk garin da mutanensa ba su kai 10,000 ba sau ɗaya a kowace shekara biyar. Aigues-Mortes yana cikin irin waɗannan garuruwa. A shekarun 1960 mutanensa sun ɗan haura 4,000. A 1999 sun kai kimanin 6,000. Yanzu sun wuce 8,000. Ke nan sun ninka a cikin kimanin shekara sittin. Tsohon gari ba ya iya ɗaukar su duka, saboda haka an gina sababbin unguwanni a bayan ganuwa.

Me ya jawo wannan ƙaruwa? Ba gishiri ba ne, domin yanzu injina ne suke yin mafi yawan aikin. Dalili na farko shi ne kusanci da Montpellier da Nîmes, inda mutum zai iya zuwa aiki da safe ya dawo da yamma. Na biyu shi ne yanayi mai ɗumi, wanda yake jawo masu ritaya daga arewacin ƙasar. Na uku shi ne yawon buɗe ido. A watannin zafi baƙi suna cika garin, suna hawa ganuwa, suna ziyartar filayen gishiri, suna yawo a ƙananan jiragen ruwa ta haƙaƙƙiyar hanyar ruwa da ta haɗa kogin Rhône da Sète. Masu otal da masu gidajen abinci da masu kantuna da baƙin nan suka dogara.

Ana kuma noman inabi a cikin rairayi. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro ya lalata yawancin gonakin inabin Faransa ta hanyar cin saiwa, amma ya kasa rayuwa a cikin yashi. Wannan ya sa manoma suka koma shuka a yashin da ke kewaye da garin. A lokacin bukukuwa kuwa ana wasa da bijimai. Samari suna gudu su fizge ƙyallen da aka ɗaura a ƙahon bijimi, kuma ba a kashe dabbar.

Babbar damuwar yankin a yau ita ce ƙaruwar ruwan teku sakamakon ɗumamar yanayi. Da yake ƙasar a ƙasa-ƙasa take, teku yana cin gaɓa a wasu wurare, gishiri kuma yana shiga ƙasar noma. Masana da hukumomi suna muhawara a kan wuraren da za a kāre da shinge da waɗanda za a bar wa ruwa.

Ma'anar Kalmomi

- fadama: ƙasa mai danshi inda ruwa yake kwanciya. Jam'i: fadamu.
- tafki: tarin ruwa wanda ba ya gudu. Jam'i: tafkuna.
- gaɓa: bakin teku ko bakin kogi.
- ganuwa: katangar da ta kewaye gari domin tsaro.
- hasumiya: dogon gini mai tsayi sosai. Jam'i: hasumiyoyi.
- yasa: kwashe laka ko yashi daga rijiya ko hanyar ruwa.
- zuhudu: ƙaurace wa jin daɗin duniya domin ibada.
- fansa: abin da ake biya domin a saki wanda aka kama.
- ɗarika: rukunin mabiya a cikin addini ɗaya.
- cirani: tafiya wani gari neman aiki na ɗan lokaci.
- jita-jita: labarin da ake yaɗawa ba tare da tabbaci ba.
- ƙidaya: lissafa yawan mutane ko abubuwa.
- ninka: ƙaruwa har abu ya zama biyun yadda yake.

Nahawu Na Ɗaya: Nuna Wuri

Idan za a faɗi inda wani wuri yake dangane da wani, ana sa kalmar da bayan sunan shiyya: *Montpellier tana yamma da Aigues-Mortes.* Idan kuwa wurin yana cikin ƙasar da ake magana, ana amfani da arewacin, kudancin, gabashin, yammacin: *Aigues-Mortes yana kudancin Faransa.* Ku lura da bambanci. *Kudu da Faransa* yana nufin wajen ƙasar, *kudancin Faransa* kuwa yana nufin cikinta. Tsakanin shiyyoyi biyu ana cewa maso: arewa maso gabas, kudu maso yamma.

Nahawu Na Biyu: Shuɗaɗɗen Lokaci

Hausa tana da shuɗaɗɗen lokaci iri biyu.

Na ɗaya: na, ka, kin, ya, ta, mun, kun, sun, an.
Na biyu: na, ka, kika, ya, ta, muka, kuka, suka, aka.

Ana amfani da na ɗaya wajen faɗin abin da ya auku kai tsaye: *An gina ganuwa. Mutane sun ƙaru.* Ana amfani da na biyu a wurare huɗu:

1. bayan da, wanda, wadda, waɗanda: *matan da aka tsare*;
2. bayan kalmomin tambaya: *Yaushe aka gina ta?*
3. idan an gabatar da wata kalma domin ƙarfafawa: *Da dutse aka gina ta*;
4. wajen jera abubuwan da suka faru bi da bi: *suka ruga cikin gari suka baza labari.*

Nahawu Na Uku: Karanta Shekaru

1248: dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da takwas.
1685: dubu ɗaya da ɗari shida da tamanin da biyar.
A maimakon dubu ɗaya, ana iya cewa alif: alif da ɗari takwas da casa'in da uku, wato 1893.

Tambayoyin Fahimta

1. A wace gunduma Aigues-Mortes yake, kuma mene ne ma'anar sunansa?
2. Me ya sa Sarki Luwis na Tara ya gina gari a cikin fadama?
3. Su wa suka gina ganuwar, kuma ƙofofinta nawa?
4. Kawo dalilai biyu da suka sa tashar jiragen ruwa ta mutu.
5. Wace ce Marie Durand, kuma shekara nawa ta yi a tsare?
6. Bayyana yadda ake yin gishiri cikin jimloli huɗu.
7. Me ya haddasa kisan da aka yi a 1893?
8. Kawo dalilai uku da suka sa jama'ar garin suka ƙaru.

Aikin Aji

(a) Cike gurbi da sun ko suka, an ko aka:

1. Leburori ______ zo daga Italiya.
2. Leburorin da ______ zo daga Italiya 'yan cirani ne.
3. A 1272 ______ fara ginin ganuwa.
4. ______ kammala ganuwa tun da daɗewa.
5. Su wa ______ baza jita-jita?

(b) Rubuta waɗannan da kalmomi: 1270, 1481, 1768, 1999.

(c) A ɗauka mutanen garin 8,700 ne, faɗinsa kuma murabba'in kilomita 58. Mutum nawa ke nan a kowane murabba'in kilomita? Rubuta amsar da alƙaluma da kuma kalmomi.

(d) Ku kasu rukuni-rukuni, ku tattauna waɗannan karin magana: *Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya* da *Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.* Wane sashe na bayanin ne ya dace da kowanne? Shin abin da ya faru a 1893 ya gaskata na farkon, ko ya saɓa masa? Kowane rukuni ya kawo hujjarsa da Hausa.

Aikin Gida

Rubuta bayanin garinku ko ƙauyenku cikin kalmomi 200. Raba shi sakin layi uku: wurin da yake da yanayin ƙasarsa, tarihinsa, sannan jama'arsa da sana'o'insu. Tambayi wani dattijo a gidanku ma'anar sunan garin da labarin kafuwarsa. Yi amfani da kalmomin shiyya aƙalla sau uku, ka kuma ja layi a ƙarƙashin kowane shuɗaɗɗen lokaci na biyu da ka rubuta.